Gilashin Lantarki Ya Ƙi Tashi Bayan Gyaran Gida: Yadda Aka Bi Sawun Matsalar a Wata Corolla a Ƙasar Gumel

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, irin 'yar Amurka, mai gilashin lantarki a ƙofofinta huɗu. Mai ita direban haya ne da ke zaune a wani ƙauye a ƙasar Gumel, Jihar Jigawa. Kafin ya hau kwalta sai ya ci burji da yashi mai yawa, ranar Alhamis kuma yakan yi lodin 'yan kasuwa zuwa Maigatari. Na'urar sanyaya motar ta daɗe da mutuwa, don haka gilashin gefen direba shi ne iskarsa, ta nan yake karɓar kuɗi, ta nan yake magana da 'yan kamasho a tasha. Hawa da saukar da gilashin nan ke yi a yini guda, na motar gida ba ya yinsu a mako.

Cikin watan Afrilu gilashin ya fara nauyi, daga baya ya tsaya cak a ƙasa. Mai motar da ɗansa, wanda ke da hannu a gyaran babur, suka ce za su yi aikin a gida. Aka ba wani direba sautu ya taho musu da injin gilashi na Beljiyam daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Wannan shawara ba laifi ba ce. Sauya injin gilashi bai fi ƙarfin mai natsuwa ba, kuma kusan duk notunan da ke cikin ƙofar sifana lamba 10 ce ke kwance su. Sun ɗaura injin, gilashi ya motsa, aka mayar da murfin ƙofa, aka ci gaba da neman abinci.

Ba a yi sati biyu ba abin ya dawo da sabon salo. Gilashin direba yana sauka lafiya, amma wajen hawa sai ya riƙa jan jiki, ya kai rabi ya tsaya. In an bar shi minti biyu ko uku, a sake dannawa, sai ya ɗan ƙara gaba. Abin da ya fi ɗaure wa mai motar kai shi ne sauran gilasai uku, waɗanda ba wanda ya taɓa ƙofofinsu, su ma sun yi sanyi, wani lokaci ma su ɗauke gaba ɗaya, musamman in ƙofar direba tana buɗe. Da ruwan farko na damina ya sauka, komai ya ƙara lalacewa. A nan ne aka kai motar wurin mai wayarin a cikin garin Gumel.

Mai motar ya zo da hukuncinsa a hannu. Ya ce, "Malam, injin nan cuta aka yi min. So nake ka ciro min shi in mayar musu da kayansu." Mai wayarin ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri mu auna tukuna. In ta tabbata shi ne, ni da kaina zan ciro maka." Bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da uba da ɗa ya tambaye su abin da hannunsu ya taɓa ɗaya bayan ɗaya. Wannan tambaya ita ce rabin aikin duk motar da aka buɗe a gida, domin matsalar da ta biyo bayan gyara, galibi a kan hanyar da hannu ya bi take kwance. Daga amsoshinsu aka ji cewa soket ɗin sabon injin bai yi daidai da na motar ba, sai suka yanke duka biyun suka murɗe wayoyin da hannu suka naɗe da salatif. Wayar ƙofar ta yi musu gajarta, sai yaron ya ɓalle maƙalanta ya jawo ta. Ledar da ke manne a bayan murfin ƙofa ta yage, suka yar. Sai da aka zo kan fis yaron ya ce, "Baba, ranar da muke gwadawa ai wayar ta taɓa ƙofa ta yi tartsatsi, komai ya ɗauke. Ni na sa waya a fis ɗin."

Yadda wutar gilashi ke tafiya a irin wannan mota

Ba za a gane abin da ya biyo baya ba sai an san wannan. Injin gilashin motar waya biyu yake aiki da su, kuma babu wadda take ta wuta ko ta bodi (jikin ƙarfen mota, wanda ta nan wuta ke komawa batir) dindindin. In aka ja makunni sama, sai ya ba waya ɗaya wuta ya haɗa ɗayar da bodi, injin ya juya gefe guda. In aka danna ƙasa sai ya musanya su, injin ya juya ɗaya gefen. Lokacin da ba a danna komai ba, duka wayoyin biyu a kan bodi suke zaune ta cikin makunnin.

Wuta tana tasowa daga batir, ta bi fis mai amfiya 30 da rile (ƙaramin makunnin da wuta ke kunna shi da kanta), sannan ta rarrabu zuwa makunnan ƙofofi. Amma hanyar komawarta guda ce. Ko fasinjan baya ne ya danna makunnin ƙofarsa, wutar da ta juya injinsa sai ta dawo ta babban makunni na ƙofar direba, ta fita ta waya ɗaya, ta ratsa bututun robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, ta je ta sauka a wani noti a jikin ƙarfen motar ta ciki. A motocin Toyota wayar bodi fara ce mai baƙin layi. Wanda ya riƙe wannan, da an ce masa an taɓa ƙofar direba kaɗai amma gilasai huɗu suka yi sanyi, ya san inda zai dosa.

Awo

An fara da abubuwan da ba sa cin kuɗi. Maɓallin kulle gilasai ba a danne yake ba. Ana raina shi, amma a Toyota na wannan zamani in aka danna shi, gilasan fasinja ba sa motsi ko daga wurin direba, kuma sau da yawa gwiwar hannu ke danna shi wajen mayar da murfin ƙofa. Batir ya nuna bolt 12.5 a kashe, 14.1 in injin mota na aiki, ke nan ba matsalar caji. A akwatin fis da ke ƙarƙashin dashbod ta gefen direba aka samu fis ɗin gilashi an ɓalle murfinsa an murɗa masa silin jan ƙarfe. An cire shi nan take aka sa na gaske mai amfiya 30. Irin mai kama da ƙaramin akwati mai taga a sama, na 30 ruwan hoda ne. Irin mai ƙafa biyu falle, na 30 kore ne. Waya a gurbin fis ba ta san iyaka ba. In aka sake samun taɓi, maimakon fis ya ƙone, wayoyin cikin ƙofa da na bayan dashbod ne za su narke, kuma ta haka motoci ke kamawa da wuta.

Sai gwajin fitilar rufi. An kunna ta, injin mota a kashe, makulli a kunne, aka ja makunnin direba sama. Yayin da gilashin ke jan jiki fitilar ta dushe sosai, alamar injin yana jan wuta da yawa yana fama da nauyi. Da ya tsaya a rabi, fitilar ta dawo da haskenta duk da ana riƙe da makunni, ke nan wani abu ya katse hanyar. Wannan abu ba wani ba ne illa ƙaramin mai tsaro da ke cikin injin kansa, wanda ke yanke wuta in injin ya yi zafi, ya mayar in ya huce. Shi ya sa gilashin ke tashi bayan an jira mintuna. Tsayawar da mai motar ya ɗauka shaidar lalacewar injin ce, a gaskiya injin ne ke kare kansa daga ƙonewa.

Da aka cire murfin ƙofar, ido ya ga abin da baki ya faɗa har da ƙari. Bayan murfin ya jiƙe ya kumbura daga ƙasa. Salatif ɗin da aka naɗe wayoyin injin ya saki saboda zafin rana, yana reto. A ƙarƙashinsa silin jan ƙarfen da aka murɗe sun yi kore-kore da fari-fari, in aka murza da yatsa sai gari ya fito. Damin wayoyin ƙofar ba ya kan maƙalansa, a miƙe yake tsam daga bakin bututun roba zuwa injin.

Nan ne wurin da mutane da yawa ke ɓata. Yaron ya ce shi ma ya gwada da tasta, wato 'yar fitilar gwajin wuta, wuta tana zuwa. Gaskiya ya faɗa. Da aka raba injin da wayoyin, aka tayar da mota, aka ɗora mita, na'urar auna wuta, tsakanin wayoyin biyu aka ja makunni, ta nuna bolt 14.0. Amma mita da ƙaramar tasta kusan ba sa jan komai, ko sili ɗaya ya rage a cikin waya za su nuna wuta cikakkiya. Mai ban ruwa a fadama ya san haka: tiyon da ya lanƙwashe a tsakiya, in ka toshe bakinsa da yatsa za ka ji ƙarfin ruwa, amma kana saki sai ka ga yana ɗiga. Wayar gilashi sai an ɗora mata kaya ake sanin gaskiyarta.

Kayan da aka ɗora mata ƙwan fitilar gaba ne mai wat 55, wanda ke jan kusan amfiya 4.5, daidai da abin da lafiyayyen injin gilashi ke ja. Duk mai wayarin ya kamata ya ajiye irinsa da waya biyu a jikinsa. Ƙwan ya kama ja-ja, ba haske. Ana riƙe da makunni aka riƙa buɗe ƙofar ana rufewa a hankali, sai ƙwan ya riƙa ƙiftawa, in ƙofar ta kai wani wuri ya mutu ɗungum. Aka mayar da injin, aka soka allunan mita a bakin ƙafafunsa yana cikin hawa: bolt 8.9 kawai ke isa gare shi daga cikin 14.1. Sama da bolt 5 na ɓacewa a hanya.

Don a san inda suke ɓacewa, ba a buƙatar kwance komai. Ana barin mita a kan bolt, a ɗora allura ɗaya a farkon guntun da ake zargi, ɗayar a ƙarshensa, a sa injin ya yi aiki. Abin da mita ta nuna shi ne abin da wannan guntu ya cinye. Lafiyayyen haɗi bai kamata ya ci fiye da 0.1 ko 0.2 ba, kuma duk ɓangaren wuta ko na bodi in ya wuce 0.5 akwai magana. Murɗaɗɗun haɗin nan biyu sun cinye 1.9 tsakaninsu. Daga ƙafar farar waya mai baƙin layi a babban makunni zuwa kan batir na negatib, mita ta nuna 2.6. Ragowar 0.7 ta tafi a cikin makunni da rile da sauran hanya, wanda ga mota mai waɗannan shekaru ana iya haƙuri da shi.

An zare bakin bututun roba daga ƙofa da jikin mota, aka tura shi gefe, aka riƙa jan wayoyin ɗaya-ɗaya a hankali. Da aka zo kan farar, sai robar jikinta ta miƙe ta sirance a wuri guda, alamar jan ƙarfen ciki ya rabu. Da aka feɗe, sili uku ne suka rage, su ma sun yi baƙi. Ma'aunin da ake maƙalawa a waya ya nuna injin na jan amfiya 9 wajen hawa. A ninka 9 da 2.6, za a samu sama da wat 23 na zafi a wurin da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Robar wurin har ta fara ƙanƙancewa.

Adalci shi ne a ce ba yaron ne ya karya wayar daga farko ba. Wayar da ta shekara da shekaru tana lanƙwashewa duk lokacin da aka buɗe ƙofar direba, dole ta gaji, kuma ƙofar motar haya ta fi kowace shan buɗewa. Abin da gyaran gida ya yi shi ne ya cinye sararin da masana'anta suka bar mata. Da aka jawo damin aka bar shi a miƙe, kowace buɗewa ta zama fizga, abin da zai ɗauki shekara ya faru cikin kwanaki.

Gyaran wayoyi

An cire kan batir na negatib kafin a yanka komai. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a haɗa wayar a daidai inda ta karye. Haɗi, ko na dalma ko na matsewa, yana da tauri, in ya zauna a cikin bututun da ke lanƙwashewa sai wayar ta sake karyewa a gefensa. Saboda haka an yanke guntun gaba ɗaya, aka zura sabuwar waya mai laushi mai sili da yawa, kaurin milimita 2, aka yi haɗi ɗaya a cikin ƙofa, ɗaya a cikin mota, ba ko ɗaya a cikin bututun. An bar mata ɗan rara yadda ko an wangale ƙofar ba za ta miƙe ba. Wasu wayoyi biyu da robarsu ta tsage a wurin, su ma an sauya su a lokaci guda, don ba amfanin a sake buɗe wurin bayan wata biyu.

Haɗin injin kuma an yanke har inda jan ƙarfen ya fito da jansa, aka like da dalma, aka rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Dalmar wayoyi ake so, mai ƙaro a cikinta. Ruwan asid ɗin da masu liƙin lagireto ke amfani da shi yana ci gaba da cin waya bayan an gama aiki. Inda babu wutar lantarki, ƙarfen dalma da ake ɗorawa a garwashi yana yin aikin. Aka mayar da damin kan maƙalansa, waɗanda suka karye aka ɗaure da igiyar roba, nesa da inda gilashi da ƙarfen ɗaga shi ke wucewa.

Dalilin rashin dacewar soket ya fito fili. Injin da aka sayo mai ƙafa shida ne, na motar da gilashinta ke hawa da kansa ya kuma koma in ya matse hannu. Ƙafafu biyu masu kauri su ne na juya injin, ƙananan na na'urar ƙirga juyinsa ne, wannan mota ba ta buƙatarsu, sai aka rufe su don kada ruwa ya shiga. An yi sa'a a nan, domin akwai injinan motocin baya-bayan nan da ke da ƙaramar kwamfuta a cikinsu, waɗanda in aka yi musu irin wannan haɗi ba za su yi aiki ba, suna ma iya ƙonewa. Wanda zai ba da sautu ya aika da tsohon injin a gwada, ya kuma ce a yanko sabon da soket ɗinsa da jelar waya kamar taƙi guda. Ga mai son gwada inji kai tsaye daga batir, dole ya raba shi da wayoyin mota tukuna, ya kuma sa fis a wayar gwajin. In bai raba ba, tunda wayoyin a kan bodi suke zaune ta cikin makunni, wutar za ta bi ta can ta ƙone makunnin.

Bayan wannan, gilasan fasinja uku suka warke sarai, ƙofa a buɗe ko a rufe. Injin direba ya fara samun bolt 13.3. Gilashin ya kai har sama. Mai motar ya miƙe zai biya, mai wayarin ya ce a dakata, domin ma'auni yana nan a kan amfiya 9 zuwa 10, ninki biyu na abin da ya kamata. Da aka hau aka sauka sau biyar a jere, mai tsaron cikin injin ya sake yankewa. Wuta ta gyaru, nauyin yana nan.

Abin da ke riƙe gilashin

Da aka tsaya daga waje ana kallonsa yana hawa, sai aka ga kusurwar baya tana riga ta gaba isa. Gilashin a karkace yake tafiya, gefensa na gaba yana tokarar roba. Ƙarfen ɗaga gilashin wannan mota irin mai hannu biyu a gicciye ne, wanda ake kira almakashi. Ɗaya daga hannuwan yana gudu a kan wani gajeren layin ƙarfe da ke ɗaure a jikin ƙofa da noti biyu, kuma akwai sararin ɗaga shi ko sauke shi kaɗan don daidaita zaman gilashi. A jikin fentin ƙofar ana ganin da'irar da tsofaffin notunan suka bari, tsaf, babu ƙura a cikinta, yanzu kuma noti ɗaya yana zaune ƙasa da nasa sawun da kusan milimita 4. Wannan ɗan bambanci a ƙasa shi ke zama karkata a saman gilashi. Mai gyara a gida ya zagaye kan kowane noti da biro kafin ya kwance, ya huta da wannan.

An sassauta notunan, aka ɗaga gilashin har ya shige robar sama sosai ya daidaita kansa, sannan aka ɗaure. Notuna biyu da ke riƙe gilashin da ƙarfensa an sake duba su, an ɗaure da hannu daidai, ba da ƙarfin tsiya ba, don kujerunsu na roba suna fashewa.

Sai robar da gilashin ke gudu a cikinta. Daga can ƙasa ta gaba, inda ido ba ya gani sai an haska da tocila, leɓenta ya naɗe ciki lokacin da suka zura gilashin. Cikin kwaroron kuwa cike yake da wani baƙin kwaɓi mai danƙo. Mai motar ya ce tun gilashin ya fara nauyi yake ɗiga masa baƙin mai, wani lokaci man birki. Wannan al'ada ta yaɗu a tashoshi, kuma ita ce ta kashe injin farko. Baƙin man yana sa santsi na kwana biyu, sannan ya kumbura roba, ya kama ƙurar hunturu da yashin burji, su haɗu su riƙe gilashi. Man birki kuma yana cin fenti. Da aka buɗe tsohon injin, gawayinsa, wato 'yan guntayen da ke gogar abin da ke juyawa a ciki suna ba shi wuta, ya cinye har ƙarshe, irin na injin da ya daɗe yana jan abin da ya fi ƙarfinsa. Ke nan gyaran gida ya sauya abin da ya mutu, ya bar abin da ya kashe shi, kuma sabon injin hanyar da na farko ya bi ya kama.

An zare robar gaba ɗaya, aka wanke da ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori, aka shanya a inuwa, aka mayar ana bi da yatsa har ƙasa don a tabbatar ta zauna. Abin da ya dace da ita feshin silikon ne, kaɗan. In babu, gara a bar ta a wanke a bushe da a sa mata mai. Giris na haƙoran almakashi ne da layukan da tayoyinsa ke gudu, bayan an goge tsohon da ya daskare da yashi, kuma shafa kaɗan ta isa.

Akwai gargaɗin da ba za a tsallake ba. Almakashin irin wannan yana da naɗaɗɗen sifirin mai ƙarfi da ke taimaka wa inji ɗaukar nauyin gilashi. In aka fito da shi daga ƙofa aka kwance injin ba tare da an danne hannuwan ba, suna iya fizgewa su datse yatsa. Kafin a kwance injin a kafe haƙorin da noti ta ramin da ya dace, ko a matse shi a bais, wato matsin ƙarfe na kan teburin aiki. Gilashi kuma a tokare shi a sama da katako ko a manne shi da salatif mai faɗi ta saman ƙofa. Kada hannu ya shiga cikin ƙofa makulli na kunne, musamman in akwai yara kusa da makunni. Duk soket mai ruwan ɗorawa na jakar iska ne, ba a kai masa tasta.

Ledar da aka yar ba ado ba ce. Ruwan sama yana bin jikin gilashi ya shiga cikin ƙofa, haka aka ƙera ta, ya fita ta ƙananan ramuka a ƙasanta. Ledar ita ke raba ɓangaren da ke jiƙewa da ɓangaren makunni da murfi. An yanko leda mai kauri, aka manne ta da gam a kan tsohon layin, aka zura bakinta na ƙasa ta cikin ƙofa yadda ruwa zai gangara ciki. Ramukan ƙasan an same su a toshe da laka, aka buɗe da tsinke, ruwa ja ya zubo. Ƙafafun soket ɗin babban makunni da suka fara kore an goge su aka fesa musu maganin wanke haɗin wuta.

A awon ƙarshe, injin mota na aiki, bolt 13.6 ke isa injin gilashin direba, yana jan amfiya 4 wajen hawa, yana kaiwa sama cikin daƙiƙa huɗu zuwa biyar. An hau an sauka sau goma a jere bai yanke ba, an maimaita ƙofa a wangale. Wannan mota sauka da dannawa ɗaya kawai gilashinta ke yi, don haka ba ta buƙaci a sake saita komai ba. Motocin da gilashinsu ke hawa da kansa, da yawansu sukan manta iyakarsu in an cire batir ko an sauya inji. A galibinsu ana sauke gilashin, a ɗaga shi har ya rufe, a ci gaba da riƙe makunni na 'yan daƙiƙoƙi, amma tsarin ya bambanta daga mota zuwa mota, littafinta shi ke da ta cewa.

Injin Ƙofar Ruwa yana nan a ƙofar, ba a mayar da shi ba. Abin da aka saya duka fis ɗaya ne, waya kamar mita biyu, robar rufe haɗi, leda, gam da gwangwanin feshi. Gilashin baya na dama an auna shi yana jan amfiya 7, an tambaya, shi ma ya sha baƙin mai. An nuna wa yaron yadda zai zare robarsa ya wanke a gida ba tare da ya kwance almakashi ba, aka ce ya yi wa sauran biyun haka, ya riƙa maimaitawa duk ƙarshen hunturu.